Na Zo Neman Auren Ɗanki

"Tura ni a hankali, yarinya! Ni ba buhun shinkafa ba ce."

Kerti ta ciji leɓe, ta rage sauri. Tun da ta fara aikin tura keken marasa ƙarfi a filin jirgin Bali babu irin fasinjan da ba ta gani ba: tsofaffin Turawa da rana ta gasa, samarin da suka karye garin wasa da igiyar ruwa, mata masu tsohon ciki. Amma yau ce rana ta farko da ta ga wadda ta fito daga jirgi garau, sai da ta hango keken sannan ta tuna da ɗingishi.

Kuma ta gane ta, don ta sha ganin hotonta a wayar saurayinta Darma.

Men Gatra ce, mahaifiyar saurayinta, ta dawo daga Surabaya wurin babban ɗanta.

"Ke ce Kertin?"

"Ni ce, Meme," in ji Kerti, ta kira ta uwa da yarensu.

"Da sunanki na nemi keken nan. Mirah ce ta shirya mini, 'yar garinmu da ke teburin awon kaya. Yarinya mai tarbiyya... Na ce bari in ga fuskar da ta hana ɗana barci."

Suka biyo dogon barandan nan mai bangon gilashi, fasinjoji na wuce su da jakunkuna, kowa na sauri kamar tsibirin zai gudu ya bar shi.

"Tsaya nan!"

Ta taka birki.

Can ƙasa, cikin rana, Darma ne tsaye da abin toshe kunne, sanduna biyu masu ruwan lemo a hannunsa, wani ƙaton jirgi na tahowa gabansa. Ya haɗa sandunan a saman kansa, jirgin ya tsaya cak. Daga wannan tagar ya fara sace zuciyar Kerti, lokacin da take jiran fasinja da kekenta, shi kuma ya ɗago ya ɗaga mata sanda ɗaya kamar ita ma jirgi ce.

"Kin gan shi?" in ji tsohuwar. "Namijin da yake ɗaga hannu jirgi ya tsaya, shi za ki mayar amarya?"

To, an zo wurin.

Kerti ita kaɗai iyayenta suka haifa. A Tabanan, yankinsu, gidan da babu ɗa namiji ba ya aurar da 'yarsa waje. Ita ce take zama magajiya, danginta su je neman auren mijin, ya yi sallama da kakanninsa, ya tare a gidanta. Nyentana suke kiran wannan al'adar. In ta bi miji, ɗakin kakannin da ke kusurwar gidansu ya rasa mai kunna masa turare, ranar da mahaifinta ya cika kuma babu ɗan gida da zai tsaya a kan ƙona gawarsa, yadda addininsu ya tanada.

"A wurinku wannan ba komai ba ne, na sani," Men Gatra ta ci gaba. "Mu a Karangasem, namijin da ya bi mace gidansu cewa ake macen alade ta ja shi da igiya. Da raina ba za a kira ɗana haka ba! Ki zo gidana a matsayin suruka, in karɓe ki hannu bibbiyu. In ba za ki iya ba, ki sakar mini shi."

Kerti ta zagayo gabanta, ta ɗan rusuna yadda aka koya musu yi wa fasinja.

"Meme, aikina in kai ki bakin mota, kuma zan kai ki lafiya. Amma gidan Bapa, mahaifina, ba zan bar shi ba."

"To, kin sake shi ke nan."

"Bli Darma ma ba zan sake shi ba." Bli, wato yaya, haka take kiransa.

"Duka biyun?"

"Duka biyun, Meme."

"Tabɗi! Lallai yarinyar nan idonki a tsakar ka yake."

Suka isa wurin ɗaukar kaya. Da kwalinta ya biyo bel ɗin, tsohuwar da ba ta iya taka ƙafa ta zabura ta finciko shi da hannu ɗaya, ta ɗora a ka. Mirah na tsaye a bakin fita da murmushinta na aiki, ta karɓe kwalin tana "Sannu da hanya, Meme", ta watsa wa Kerti kallon da ake yi wa abin da aka gama da shi.

Kerti ta juya da kekenta fayau.

Ba ta yi sanya ba. A satin nan mahaifinta, Pan Kerti, ya tara manyan unguwa, suka ɗaura zannuwansu, suka ɗauki kwandon furanni da ganyen taunawa, wanda karɓarsa ke nufin an ba da aure, suka nausa Karangasem neman aure. Suka tarar da ƙofa a garƙame. Kare na haushi a ciki, hayaƙin girki na tashi, amma ba wanda ya leƙo. Dattawa suka tsaya a rana har maƙwabta suka fara dariya ta saman katanga, sannan suka juyo da kwandonsu.

Washegari da azahar ta samu Darma a rumfar cin abincin ma'aikata, bayan shagon kaya. Ya buɗe shinkafarsa ta cikin ganyen ayaba, sai juya ta yake.

"Bli, dube ni."

Ya ɗago. Idonsa ya yi ja.

"Luh..." ya kira ta yadda ake kiran 'ya mace a wurinsu, "ki yi haƙuri da abin da aka yi wa Bapa. Na rantse ba na gida."

"Na sani. Ba shi na zo ji ba. Me kake ɓoye mini?"

Wasu abokan aikinsa suka wuce da farantai, ɗaya ya rangaɗa murya, "Amarya, yaushe za a kai ki ne? Mu zo rakiya!" Suka kwashe da dariya.

Darma ya runtse ido.

"Kin ji ko? Kullum haka nake sha."

"Dariya ce, Bli. Ba ta taɓa karya ƙashin kowa ba."

"An yi mini canjin wurin aiki," ya faɗa da sauri, kamar mai zubar da garwashi. "Makassar, can wani tsibirin. Kawun Mirah ne ya shirya a ofis. Ranar Asabar da safe zan tashi."

Kerti ta tsare shi da ido.

"Ka amince?"

"Meme ta yi ta kuka, ta daina cin abinci. Na ɗan lokaci ne, zuciyata, har ƙura ta lafa..."

"Kar ka kira ni zuciyarka kana shirin barina a bakin titi!"

"Luh, ina son ki. Kin fi kowa sani."

"Na sani. Shi ya sa abin ya fi ciwo." Ta miƙe. "Ka taɓa cewa gidanmu ya fi ko'ina yi maka daɗi. Ka ce in Bapa ya kira ka ɗansa ba ka neman komai kuma. Ƙarya ce?"

"Ba ƙarya ba ce."

"To, ni ban gaji ba. Kai ne ka gaji tun ba a fara ba."

Ta fice kafin hawayen ya tona mata asiri. A bakin ƙofar ma'aikata kuwa sai ga Mirah, tana gyara furen da ke bayan kunnenta.

"Ayya, Kerti! Kin ji labari? Ni ma an mayar da ni Makassar. Jirgi ɗaya za mu shiga, ni na zaɓar mana kujeru ma, shi a taga ni a gefensa. Ko akwai saƙo?"

Kerti ta share ido, ta dube ta sama da ƙasa.

"Ki riƙe kujerarki da kyau, Mirah. Ita ce taki."

Da yamma ta tarar da mahaifinta a gaban ɗakin kakanni yana share busassun furanni. Ya rame a 'yan kwanakin nan. Bai yi mata ƙorafin tsayuwar rana ba, shi ya fi ƙona mata rai.

"Luh, zauna," in ji shi. "Na yi tunani. Ki bi yaron nan gidansu. Ɗan baffanki zai riƙe nan."

"Wanda bai san sunan kakarsa ba? Wanda tun yanzu yake auna gonarmu da ido, yana lissafin ɗakunan baƙi nawa za ta ci?"

"Ba na so ki tsufa kina gadin tsoho da duwatsu."

"Ba duwatsu ba ne, Bapa. Meme tana cikinsu."

Ya sunkuyar da kai. Tun rasuwar mahaifiyarta ba ya iya jin an ambace ta.

"Sun rufe mana ƙofa, 'yata. Neman aure kuwa sai an zauna gaba da gaba. Ya za mu yi?"

Kerti ta ƙura wa hayaƙin turare ido. Can ta ɗago.

"Ƙofar gidansu suka rufe. Akwai wadda ba su da mukullinta. Bapa, ka sake tara mini manya ranar Asabar."

"Ina za mu?"

"Wurin aikina."

Safiyar Asabar bakin ƙofar masu tafiya ya cika kamar kullum. Motoci na sauke mutane, masu turin kaya na kiran "A ba da hanya!", iyalai na rungumar juna. Sai ga wata doguwar mota ta tsaya, dattawa suka fara sauka cikin fararen riguna da ɗaurin kai, mata biyu ɗauke da kwanduna a ka. A gabansu Kerti ce, babu rigar aiki, ta sha rigar leshi da zane, ta ɗaure ƙugu da ɗamara ruwan ɗorawa.

Mai gadin ƙofar ya saki baki.

"Kerti? Biki ake a nan ban sani ba?"

"Sai yadda ta yiwu, yallaɓai. Ba za mu tare hanya ba, gefen ginshiƙin can ya ishe mu."

Aka shimfiɗa tabarma. Baƙi suka fara ɗaga wayoyi, a zatonsu wasan tarbar masu yawon buɗe ido ne. Abokan aikinta kuwa kowa ya ƙirƙiro dalilin biyowa ta wurin, har da mai goge-goge da ta yi ta goge tayil ɗaya.

In Darma ya wuce Kerti ya shige ƙofar nan, ta rasa shi, ta kuma ja wa mahaifinta kunya ta biyu a gaban duniya. Ta san haka sarai tun kafin ta fito.

Motar su Darma ta iso. Darma ya fito da jaka a kafaɗa, sai mahaifiyarsa, sai baffansa da ya zo rakiya, sai Mirah riƙe da tikitai biyu.

Darma ya hango su, ya daskare.

Mai unguwar su Kerti ya matso, ya haɗa tafuka a ƙirji, ya fuskanci baffan.

"Ku gafarce mu. Mun je gida ba mu yi sa'ar samunku ba. Yau da muka ji za ku biyo ta nan, muka ce bari mu kawo abin da ke tafe da mu. Mun zo neman ɗanku Nyoman Sudarma, wato Darma, ya zama ɗa a gidan Pan Kerti."

Baffan ya rasa inda zai sa kansa. Dattijo ya yi maka magana da ladabi a gaban jama'a, ba ka da bakin cewa ba ka ji ba.

"Wannan wane irin rashin kunya ne!" Men Gatra ta daka tsawa. "Neman aure a tashar jirgi? Ɗana kaya ne da za ku zo ɗauka?"

"Meme, lokaci na tafiya," Mirah ta raɗa mata. "Bli, mu shiga."

Kerti ta tako har gaban tsohuwar, ta durƙusa a kan tayil.

"Meme, laifin nawa ne, ba na dattawa ba. Ni na kawo su. Na zo neman auren ɗanki."

"Ba zan bayar ba!"

"Na ji. Amma ki faɗa mini dalili, ban da bakin mutane."

"Dalili kike so?" in ji tsohuwar. "Gatra yana Surabaya, sai a waya nake ganin jikokina. Mai bi masa yana jirgin ruwa, ban san ma tekun da yake ba. Wannan kaɗai ya rage mini! Shi ke zuwa duk hutu ya duba rufin ɗakina, shi ke kai ni asibiti. Shi za ki ɗauke?"

Kerti ta ji tausayinta har cikin rai, amma ba ta ja da baya ba.

"Shi kaɗai ya rage miki, Meme... kuma shi kika kawo da hannunki za ki saka a jirgi?"

Kerti ta ci gaba.

"In ya tafi Makassar, teku ce tsakaninku. In ya zo gidanmu, tafiyar babur ce. Rufinki zai duba, asibiti ni da shi za mu kai ki. Sunansa ne zai koma gidanmu, ƙafarsa ba wanda zai ɗaure. Ni ban zo raba ki da ɗa ba. Masu dariyar nan da kike tsoro, su ne suke shirin raba ku, kuma ranar da rufin ya yi yoyo ba za ki ga ko ɗayansu ba."

Lasifika ta kira fasinjojin Makassar.

"Bli!" Mirah ta ja hannun rigarsa. "Za su rufe!"

Kerti ta juya gare shi, har yanzu tana durƙushe. Hawaye na zuba, muryarta kuwa ko gezau.

"Bli Darma, na yi iya nawa. Na kawo mahaifina ya tsaya a titi saboda kai. Ba zan riƙe rigarka ba, ga ƙofa can. In ka shiga, kar ka waiwayo, don ba za ka same ni ina jira ba."

Ya dubi ƙofar. Ya dubi abokan aikinsa da suka yi cirko-cirko, har da mai kiransa amarya. Ya dubi Pan Kerti, tsoho mai rawar hannu, riƙe da farantin ganyen taunawa.

Ya sauke jakar daga kafaɗarsa.

Ya durƙusa kusa da Kerti, ya kama ƙafafun mahaifiyarsa.

"Meme, ki yafe mini. Na amince da tafiyar nan ne don tsoron dariya, ba don ke ba. Ba na son zuwa Makassar. Yarinyar nan nake so, gidansu nake so in shiga. Su kira ni duk abin da suka ga dama."

"Darma..."

"Ba zan taɓa ganyen nan ba sai kin ce. Amma jirgin nan ba zan hau shi ba."

Men Gatra ta daɗe tana kallon ƙeyar ɗanta. Ta kalli Kerti, kallon da babu so a ciki, amma babu raini kuma. Sai ta juya wa baffan a fusace, kamar shi ya yi mata laifi.

"Kai kuma ka tsaya kamar gunki! Dattawa sun miƙo abu, ba za ka karɓa ba?"

Baffan ya karɓi farantin da hannu biyu.

Ihu ya ɓarke. Masu turin kaya na tafi, mai goge-goge na share hawaye da gefen riga, Turawa na tafi su ma ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Mirah ta tsaya da tikitai biyu a hannu. Nata canjin ya riga ya tabbata, ita ta roƙe shi da bakinta. Lasifika ta sake kira, ta ja akwatinta ta shige ba ko sallama.

Ranar ɗaukar ango, Darma ya zauna a gaban ɗakin kakanninsu a Karangasem, fure tsakanin yatsunsa, ya yi musu sallama. Aka yayyafa masa ruwa. Daga wannan lokacin ya zama baƙo a gidan da aka haife shi.

Men Gatra ba ta yi wa kowa murmushi ba tun safe. Sai da aka zo fita ta kamo hannunsa, ta danƙa a na Kerti da ƙarfi har ya yi mata zafi.

"Maza uku na haifa, ina taƙama ba zan taɓa yin kukan rabuwa da amarya ba. Ga shi kin sa ni." Ta ja hanci. "Ba ya cin yaji da safe. In ransa ya ɓaci ba ya faɗa, sai ki ga yana wanke babur ɗin da ba shi da datti. Amana ce na ba ki."

"Na karɓa, Meme."

"In wani ya yi masa dariya a garinku..."

"Ba mai yi."

"In an yi, ki turo mini shi."

A mota Darma ya juya fuska ga taga, kafaɗunsa na girgiza. Ba wanda ya tsokane shi. Kerti ta riƙe hannunsa a cinyarta.

"Yi kukanka, masoyina. Da ni aka ɗauko, da nawa ya fi haka."

Da suka isa Tabanan, Pan Kerti na tsaye a bakin ɗakin kakanni da sandunan turare a hannu. Ya yi ta ƙyasta ashana tana mutuwa, don hannun ya ƙi tsayawa. Ya dubi saurayin da ke tsaye a tsakar gidansa, ido a kumbure, ya miƙa masa turaren da ashanar.

"Zo ka kunna, ɗana," in ji shi. "Sun daɗe suna jiranka."